Kwaikwayo ne ya hana kamfanoninmu bincike, ko rashin gasa ta gaske?

Injiniyan_Adar
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da na daɗe ina son mu zauna a kanta. Duk shekara ana shigar da buƙatun takardar mallakar ƙirƙira, wato birebe, sama da miliyan 3 a duniya. Kusan rabi a ofishin ƙasar Sin ake shigar da su. Abin da ofisoshin Afirka gaba ɗaya ke karɓa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Kamfanin Huawei na Sin kaɗai yana zuba sama da kashi 20 cikin 100 na cinikinsa a bincike. Mu nan, a nuna mini kamfani mai zaman kansa a Tawa ko Yamai da ya ware ɗaki ɗaya da ma'aikata biyu ya ce ku aikinku gwaji da bincike ne kawai.

Ni a ganina kwaikwayo ne ya kashe mana gwiwa. Mutum ya kashe kuɗinsa da lokacinsa ya fito da sabon abu, kafin ya mai da uwar kuɗi maƙwabcinsa ya kwafa ya karya farashi. Wa zai sake? Da takardar mallaka tana da ƙarfi, ana hukunta mai kwafa, da masu kuɗinmu sun sa hannu a bincike. Wanda yake ganin ba haka ba ne ya zo da hujja.

Maiwalda_Tawa
Wa alaikumus salam. Injiniya, gaskiya ka hwaɗi. Ni atilye gare ni nan cikin Tawa. Na gyara injin ɓarar gyaɗa, na canza mishi raga da juyin ƙarhe yadda ba ya fasa ƙwaya. Ƙarhen da na ɓata kahin ya zamna daidai, Allah kaɗai ya sani. Ba a daɗe ba sai ga irin shi wani atilye, sun samu nawa sun kwance sun auna, suna saidawa ƙasa da kuɗɗina. Su ba su ɓata ƙarhe ko ɗaya ba, dole nasu ya yi araha. Tun lokacin in dabara ta zo mani sai in bar ta cikin kaina.

Hajiya_Katako
Maiwalda ɗana, Allah ya mai da maka da alheri. Amma injin da ka gyara, kai ka fara ƙera shi? Ba na wani ka gani ka kwance ka koya ba? Ni tukwane da murhu nake sara a kasuwar Katako ina kaiwa ƙauyuka. Murhun nan mai cin gawayi kaɗan, da mutum ɗaya aka bar wa shi shekara 20, matar ƙauye ba za ta taɓa saye ba. Yanzu maƙera da yawa ke yin sa, kowa na son nasa ya fi ƙarko, kuɗin ya sauko. Ni a wurina wannan ci gaba ne.

Maiwalda_Tawa
Hajiya, ban ce ni na ƙirƙiro injin ba. Gyaran ne nawa, kuma gyaran ne ya ci mani kuɗɗi.

Malam_Tattali
Wannan gardamar ta girmi yawancinmu. A 1942 masanin tattalin arziki Joseph Schumpeter ya rubuta cewa babban kamfanin da ya riƙe kasuwa shi ke iya bincike, domin shi ke da rarar riba, kuma ya san in ya gano abu shi zai ci moriyarsa. Maganar Injiniya ke nan. A 1962 Kenneth Arrow ya ce a'a. Wanda ya riga ya mallaki kasuwa, sabon abin da zai fitar tsohon kayansa zai kashe, don haka ba ya gaggawa. Ku dubi Kodak, kamfanin kayan ɗaukar hoto. Injiniyansu ne ya haɗa kyamarar dijital a 1975, amma ribarsu a fim ɗin da ake sa wa kyamara take, suka yi ta jan ƙafa har suka durƙushe a 2012.

Daga baya Philippe Aghion da abokan aikinsa suka koma ga alƙaluma. Suka ɗauki kamfanonin Ingila daga 1973 zuwa 1994. Suka auna gasa da gwargwadon ribar da ake iya ɗorawa a kan kaya, suka auna ƙirƙira da takardun mallaka, takardar da wasu masu ƙirƙira suka fi ambata ita ta fi nauyi. Sakamakon ya fito a 2005, kuma kamar tudu yake: inda gasa ta yi ƙaranci ƙirƙira tana ƙasa, gasa na ƙaruwa tana hawa, ta kai ƙololuwa, in gasar ta ƙara tsananta sai ta fara gangarowa.

Dalilin ne ya fi shafarmu. In kamfanoni suna kunnen doki a fasaha, gasa tana tilasta kowanne ya yi bincike don ya tsere wa ɗan'uwansa. In ɗaya ya yi wa sauran fintinkau, na baya yana ganin ko ya kashe kuɗi ya kamo, ribar da zai tarar ba ta taka kara ta karya ba, sai ya haƙura. Aghion da Peter Howitt suna cikin waɗanda aka ba kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2025, tare da Joel Mokyr, a kan yadda ƙirƙira ke bunƙasa arziki.

Dan_Bukoki
To Malam, mu ina muke a tudun nan, wajen hawa ko wajen gangara?

Malam_Tattali
Duka biyun, ƙanena, gwargwadon sana'a. Walda, ɗinki, burodi, ruwan leda: masu yi sun yi yawa, riba siririya, ba abin da ke raguwa da za a yi gwaji da shi. Can sama kuma wasu manyan harkoki hannun kamfani ɗaya ko biyu suke, ko kwangilar gwamnati ce ke ciyar da su. Wanda kasuwarsa ta tabbata, me zai yi da ɗakin bincike? Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne tsakiya, inda kamfanoni huɗu ko biyar masu ƙarfi daidai da juna ke kokawa a kan mai saye ɗaya.

Lauya_Yamai
Injiniya, kafin mu ce takardar ba ta da ƙarfi, mu tambayi kanmu mutum nawa suka taɓa nemanta. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka 17 da ke ba da takardun mallaka, mai cibiya a Yawunde, ƙarƙashin yarjejeniyar Bangi ta 1977. Rajista ɗaya tana kare ka a ƙasashen duka, daga Senegal zuwa Cadi zuwa Gabon. A nan gida hukumar AN2PI ce ke karɓar buƙata ta miƙa. Birebe shekara 20 yake yi daga ranar shigarwa, kuma kowace shekara ana biyan kuɗin riƙe shi, in ka daina biya ya faɗi. Sai abin ya zama sabo a duniya, ba a Tawa kaɗai ba, ya ƙunshi dabarar da ba kowane gwanin sana'ar zai hango ba, kuma a iya ƙera shi a yi aiki da shi.

Gyara irin na Maiwalda ya fi dacewa da ƙaramar takarda da ake bayarwa kan gyaran kayan aiki, ta shekara 10, mai sauƙin sharuɗɗa. Amma a san abu biyu. Ba ɗan sanda ne zai bi kasuwa yana nemo maka masu kwafa ba, kai za ka gano su, kai za ka kai ƙara, kai za ka biya lauya. Sannan musaya ce: a ba ka shekarun, kai kuma ka bayyana sirrin a rubuce yadda kowa zai iya karantawa ya ɗora a kai.

Dan_Ƙwanni
Ranka ya daɗe Lauya, ka bar babbar. Najeriya ba ta cikin OAPI. Daga Ƙwanni zuwa Illela ta Najeriya tafiyar ƴan mintoci ce a babur. Ka yi rajista a ƙasa 17, a ƙera abinka a Sakkwato ko Kano inda takardarka ba ta aiki, ya shigo kasuwar Ƙwanni ran Laraba. Kai da wa za ka yi shari'a?

Lauya_Yamai
Doka ta ba ka ikon hana shigo da shi ƙasar da takardarka ke aiki. Aiwatarwa a bakin iyakarmu kuwa, kai ka fi ni sani. Wanda kasuwarsa ta haɗa da Najeriya sai ya yi rajista ta biyu a Abuja.

Manomin_Galmi
Ku kuna maganar wanda za ya ƙirƙiro, mu takarda ce ta kusa raba mu da abin da kakanninmu sunka bar muna. Albasar Galmi ba kamfani ya yi ta ba. Manoma ne sunka yi ta zaɓen kai mai kyau suna barin shi iri, shekara da shekaru, har ta zama abin da ake nema Abijan da Akra. Sai ga wani kamfanin iri na Senegal ya kai sunan Violet de Galmi gaban OAPI yana neman a ba shi. Sai da Nijar ta tashi tsaye kahin ya saki sunan. To Injiniya, in anka ƙara ma takarda ƙarhi, wa za ta kare? Mai lauya ko mai garma?

Lauya_Yamai
Baba, abin da suka nema ba birebe ba ne, takardar mallakar sabon irin shuka ce, doka daban. Amma tsoronka yana kan hanya. Shi ya sa aka bi ta wata ƙofa: a 2021 OAPI ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajistar sunan asali, yadda ba wanda zai liƙa sunan a kayan da ba na yankin ba. Wannan suna take karewa, ba ta sa kowa bincike.

Manomin_Galmi
Binciken ne ma muke nema. Lokacin cira albasa ba ta da kuɗɗi, wanda ya iya aje ta har ta yi tsada shi ke cin riba. Muna zubawa cikin rudu, zahi da danshi su ruɓar da rabo mai yawa. Manyan ƴan kasuwan da ke loda manyan motoci suna da kuɗɗin da za su sa a gano ajiya mai kyau, amma asarar tamu ce ba tasu ba.

Uwar_Sahabi
Ni ma'aikaciyar lafiya ce, na yi aiki a sashen yara masu tamowa, kuma misalin da ya fi kusa da mu shi ne Plumpy'Nut, wanda iyaye mata ke kira biskit. Kafin shi, yaro mai tamowa mai tsanani sai an kwantar da shi ana dama masa madara ta musamman, wadda ke buƙatar ruwa mai tsabta da ma'aikaci a kai, uwa kuma ta bar sauran ƴaƴanta da gonarta. Likita André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa suka haɗa shi a 1996: gyaɗa, garin madara, sukari, mai da sinadaran gina jiki, a leda, ba a zuba masa ruwa, uwa ta ba ɗanta a gida. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar, mafi yawansu ba a kwantar da su ba. Kamfani mai neman riba ne ya sa kuɗinsa kuma ya yi rajista. Har nan Injiniya yana da gaskiya.

Amma takardar ta jawo rigima. A 2009 MSF ta fito fili ta nemi a sassauta, wasu ƙungiyoyi biyu na Amurka kuma suka kai ƙara don a bar su su yi irinsa. A 2010 kamfanin ya buɗe wa masana'antun ƙasashe masu tasowa damar amfani da takardar. Masana'antar STA ta nan Yamai tun 2005 take haɗa shi da izininsu. Da masu yin sa suka yawaita, UNICEF ta sami zaɓi, kuɗin kwali ya sauka, yara da yawa suka samu.

Ni ban ce kar a saka wa wanda ya wahala ba. Amma na riƙe yaron da kwali ɗaya ne tsakaninsa da mutuwa, kuma ban yarda abu irin wannan ya zauna hannun mutum ɗaya shekara 20 ba.

Mai_Famasi_Wadata
Yaya, Allah ya saka miki. Magani shi ne fagen da birebe ya fi tasiri, saboda gano shi yana cin shekaru da gwaji a kan dubban mutane, kwafarsa kuwa aikin watanni ne ga mai ilimin haɗa sinadarai. In ba kariya, kamfani ba zai fara ba. Amma ku tuna ƙanjamau. Maganin shekara ɗaya ya haura dala 10,000, sai a 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai ba da shi a dala 350. Ya iya ne saboda dokar Indiya ta 1970 tana kare hanyar haɗa magani kawai, ba maganin kansa ba, in ka gano wata hanya kana iya yi. Da wannan dokar Indiya ta gina masana'antun da yau suka cika kantocinmu, sai a 2005 ta koma kare maganin kansa. Ƙasashe irin namu ƙungiyar ciniki ta duniya ta ɗaga mana ƙafa a kan takardun magani har 2033. Damar tana nan, masana'antar da za ta yi amfani da ita ce babu.

Dokta_Madawa
A ƙara da sanƙarau. A annobar 1996 mutum kusan 25,000 suka mutu a yankinmu. Manyan kamfanoni suna da ilimin yin rigakafi mai ɗorewa, kuma doka tana kare su, amma ba su yi mana ba, domin mai sayen talaka ne. Sai da hukumar lafiya ta duniya WHO da ƙungiyar lafiya mai zaman kanta PATH suka sami kuɗin gidauniyar Gates a 2001, aka karɓo fasahar daga ɗakin binciken gwamnatin Amurka, aka ba kamfanin Serum Institute na Indiya ya yi rigakafin MenAfriVac ƙasa da rabin dala kowace allura. A Disamba 2010 aka fara babban gangami a Burkina Faso, Mali da Nijar. Takarda tana jawo bincike ne zuwa inda akwai mai biya. Ciwon da ba na masu kuɗi ba, ko shekara 50 aka ba ta ba za ta motsa kowa ba.

Dan_Bukoki
Ni waya nake sayarwa, bari in kawo na kasuwa. Ku dubi aika kuɗi. Da, sai ka ba direba ambulan ka yi ta addu'a. Da Al Izza, Nita, BNIF Afuwa da Amana suka shiga kokawa, kowa ya buɗe ofis har ƙananan garuruwa, ana karɓa nan take, yanzu daga wayarka ma kana aikawa. Wa ya ji an yi maganar birebe? Ɗaya ya fito da abu, sauran su bi, shi kuma ya nemi na gaba. Kunnen dokin da Malam ya faɗa ke nan.

Tecno da Itel ma haka. Ba su fi Samsung ko Nokia takardu ba. Sun zo sun duba me muke so: layi biyu, batir mai daɗewa saboda rashin wuta, kyamarar da ke fitar da baƙar fata da kyau, kuɗi daidai aljihu.

Ɗaliba_Harobanda
Ina neman afuwar manya. Adadin da Injiniya ya fara da shi yana buƙatar taka-tsantsan, domin yawan takardu ba shi ne yawan ƙirƙira ba. A Sin an daɗe gwamnatocin larduna suna ba da tallafin kuɗi ga mai shigar da buƙata, mutane suka yi ta shigar da abin da ba shi da amfani, har a 2021 hukuma ta ba da umurnin a daina. A harkar waya kuma kamfanoni suna tara takardu ne don kare kai a kotu. Apple da Samsung sun yi shari'a daga 2011 zuwa 2018. Google ya sayi Motorola kan dala biliyan 12.5, kuma takardun mallakarsa na cikin manyan dalilan. Kuɗin da ya tafi wajen lauyoyi ba bincike ba ne.

Malam_Tattali
Madalla da ɗaliba. A 1994 jami'ar Carnegie Mellon ta tambayi ɗakunan binciken masana'antu kusan 1,500 a Amurka da me suka fi kare abin da suka gano. A yawancin fannoni riƙe sirri da riga kowa shiga kasuwa ne suka zo gaba, birebe yana baya. Magani na cikin ƴan fannonin da ya yi nauyi, kamar yadda mai famasi ya faɗa. Coca-Cola ba ta yi wa haɗinta birebe ba, da ta yi da tuni ya zama na kowa.

Maiwalda, injinka ba ya ɓoyuwa, duk mai sukundireba zai ga cikinsa. Abin da ba a kwancewa a auna shi ne sunanka a jikin injin, zuwanka gyara in ya lalace, da kayan canji a ajiye. Barin dabara cikin kai kuwa, kai ne ka fi kowa asara.

Injiniyan_Adar
Na karanta duka, amma misalanku na ƙananan dabaru ne da sauya fasalin abin da wani ya riga ya gano. Ni babban bincike nake nufi, wanda ake shekara goma ana zuba kuɗi ba a ga komai ba. Tiranzista, wadda kowace waya da kwamfuta ke tsaye a kanta, a 1947 aka gano ta a Bell Labs, ɗakin binciken AT&T, kamfanin da ya riƙe tarhon Amurka kusan shi kaɗai. Ribar rashin kishiya ce ta biya masanan. Masu aika kuɗi huɗu da ke yanka wa juna farashi ba za su taɓa yin irin wannan ba.

Malam_Tattali
Gaskiya ne, kuma ita ce hujjar Schumpeter mafi ƙarfi. Sai dai labarin yana da ci gaba. A 1956 gwamnatin Amurka ta tilasta wa AT&T ya buɗe takardunsa kusan 8,000 ga sauran kamfanonin ƙasar ba tare da biya ba. Masu binciken da suka bi sawun abin daga baya sun ga ƙirƙira ta ƙaru a kan waɗannan fasahohin, musamman daga ƙananan kamfanoni sababbi, a fannonin da ba na tarho ba. A tarho kuwa, inda AT&T ya ci gaba da toshe ƙofa, ba a ga haka ba.

Baba_Mai_Ritaya
Ƴaƴana, kuna ta Amurka da Sin. An yi bincike a ƙasar nan. Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana na ƙasa, daga 1969 zuwa 1985, ana ƙera na'urorin dafa ruwa da hasken rana tun duniya ba ta damu da rana ba. Yau farantan sola da ke saman gidajenmu daga waje suke zuwa. Ilimin bai rasa ba, kamfanin da zai ɗauka ya mai da shi sana'a ne bai samu ba.

A noma kuma cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN da cibiyar ICRISAT ta ƙasa da ƙasa da ke Sadore ke aikin, su suka fitar da gero CHAKTI mai yawan sinadarin ƙarfe a 2018. Buhun PICS mai ruɓi uku da ake ajiye wake ba magani, jami'ar Purdue ta Amurka ce da masu bincikenmu. Tassa kuwa, manoman Illela tamu ne suka je Yatenga a Burkina a 1989 suka ga yadda ake gyara ramukan a zuba taki, suka dawo suka yi, maƙwabta suka kwafa, fako ya koma gona. A nan kwaikwayon ne ma ake roƙo a yi. Duk waɗannan kuɗin gwamnati ne ko na masu ba da taimako. Ranar da taimako ya tsaya, sai aikin ya tsaya, abin da ke damuna ke nan.

Akanta_227
Baba ya taɓo inda ke ciwo. Ni lissafin ƙananan kamfanoni nake riƙewa. Banki yana ba da bashi na gajeren lokaci, da jinginar fili ko gida. Alhaji ya sa kuɗinsa a shinkafa ko siminti, cikin watanni ya juya su. Ya sa a gwaji, sai ya biya injiniya albashi shekara biyu, ya sayi janareta saboda wuta, kuma ba tabbas. Ko an ɗaure duk masu kwafa a Nijar lissafin nan bai canza ba. A Koriya ta Kudu kusan kashi 5 cikin 100 na arzikin ƙasa ke tafiya bincike, mafi yawa daga kamfanoni, amma su kamfanonin, duniya suke sayar wa kaya. Tarayyar Afirka kashi 1 ta sa a gaba.

Kuma kishiyar Maiwalda ta gaske ba ta Tawa ba ce, kwantena ce daga Sin.

Malam_Tattali
A kan kayan Sin ma masana ba su haɗu ba. Bayan Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001, Nicholas Bloom da abokansa sun ga kamfanonin Turai da suka tsira sun ƙara ƙirƙira don su kauce wa kaya masu araha. David Autor da nasa abokan sun ga kamfanonin Amurka sun rage bincike da takardu saboda riba ta ragu. Guguwa ɗaya, sakamako biyu. Mu da muke can baya a fasaha, ina tsoron na biyun ya fi kama da mu, sai dai a abin da mai kwantena bai san muna buƙata ba.

Ɗan_Cirani_Abijan
Irin su injin ban ruwa da aka mai da shi gas. Da fetur ya yi tsada bayan Najeriya ta cire tallafi a 2023, garake da yawa tukunyar gas ce ke jan ruwa. Makanikai ne ke haɗawa, kowa ya koya wurin wani. Da mutum ɗaya ya riƙe dabarar, da albasar wasu ta ƙone.

Hajiya_Katako
Abin da nake faɗa tun farko ke nan.

Injiniyan_Adar
Hajiya, kuma har yau ba wanda ya zauna ya auna wane haɗi ne ba ya yoyo, wane ne ba ya cinye injin da wuri, domin wanda ya yi wahalar ba abin da zai samu. Ina nan kan bakana a wannan. Na yarda takarda kaɗai ba za ta isa ba, amma sai an samo hanyar da mai gwaji zai mai da kuɗinsa.

Maiwalda_Tawa
Lauya, injin da na riga na saida, ana iya yi mishi ƙaramar takardar yanzu?

Lauya_Yamai
Wanda ya riga ya shiga kasuwa ya daina zama sabo, wannan ya wuce. Na gaba, kar ka sayar, kar ka sa hotonsa a Facebook ko WhatsApp, sai ka shigar da buƙata. Sunan atilyenka da tambarinka kuwa ko yau kana iya yi musu rajista.

Manomin_Galmi
Injiniya, ka ce a samo hanya. Ga rudu nan. Ba a iya sa yaran jami'ar Tawa su gwada muna iri biyu ko uku bana, a ga wanda albasa ta fi daɗewa ciki?

Injiniyan_Adar
Ana iyawa, Baba. Ma'aunin zafi da danshi ba su da tsada, kuma akwai ɗaliban da ke neman aikin kammala karatu. Amma dole wata albasar ta ruɓe a gwajin, ta haka ake gane wanda bai yi ba. Wa zai ɗauki asarar? Kuma in an dace, na wa ne?

Manomin_Galmi
In an dace na kowa ne, mu ajiya muke so. Ka hwaɗa mani buhu nawa ake bukata. In ba su yi yawa ba, in yi magana da mutanen ƙungiyarmu bayan sallar Juma'a, kowa ya kawo ɗaya.